Robobin Maganin Baba Isiyaku

Har yau ban manta da ranar da na yi wa Baba Isiyaku faɗa a gaban likita ba. Ba sunansa ke nan ba, kun dai san dokar aikinmu. Lokacin ni ce mai ba da shawara a sashen masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, a wani ƙaramin asibiti tsakanin Kura da Bunkure. Shi kuma manomin rani ne, tumatir da albasa. Matarsa ta rasu da daɗewa, yana zaune gidan ƙaninsa. Ya fi shekara goma yana shan magani, har da shi nake ba sababbi misali.

Ga wanda bai san tsarin ba, lokaci-lokaci ana ɗibar jini a ga yawan ƙwayar cutar. Idan ta hau, sai a zauna da mutum a gano dalili, domin in ya ci gaba da tsallake magani, maganin zai daina yi masa aiki. Na Baba ya hau. Ya kuma zo kwana tara kafin ranarsa, wai maganinsa ya ƙare. Kun san bakina. Na ce ko dai zubarwa yake yi, ko wani yake ba. Sai murza hularsa yake yi, ya rantse shi dai ya nema bai gani ba.

Da ya fita, likita ta ce in sassauta. Ta ce ta lura sau uku yana tambayarta yau wace rana ce. Ta bayyana mini cewa cutar in ta daɗe a jiki takan taɓa ƙwaƙwalwar wasu, su riƙa mantuwa da nauyin tunani, ko da a ido lafiyarsu ƙalau. Ta yi masa wasu gwaje-gwaje, ta ce in ziyarce shi. Ya yarda, amma a gona, kada in kuskura in je gida.

Na hau acaɓa na same shi da hantsi. Yawancin mutanenmu ba sa ajiye robar magani a fili. Su ɓare takardar jikinta, su ɓoye don kada a gani a yi ta magana. Baba ma haka yake yi, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai ya sauya maɓoya. Muka hau bincike a bukkarsa ta gona. Ɗaya a cikin buhun taki, ɗaya a tsohon takalmin ruwa, ɗaya a saman jinka. Robobi uku, kowacce da saura. Ya zauna yana kallonsu, ya ce, “'Yata, ashe kaina na yi ta ɓoye wa.” Kunya ta kama ni sosai, na roƙe shi gafara.

Na ce dole a samu mutum ɗaya da zai sani, ya riƙa tuna masa. Na kawo sunan ƙaninsa, ya ce a'a. Na ambaci 'yarsa da ke aure a Kumbotso, ya ce ya fi son mutuwa. Na ce to mutuwar ce kuwa ke tafe in aka ci gaba a haka. Can ya nuna maƙwabcinsa na gona, Bitrus, wani mutumin Filato da ke shuka albasa.

Na tambaye shi me ya sa shi. Ya ce tun farkon rani yakan saka bututu ya janyo ruwa daga magudana, ya manta ya tafi gida, amma kullum ya dawo sai ya tarar an cire, shukarsa ba ta nutse ba. “Ya ga lalacewata wata da watanni, bai taɓa kai ni majalisa ba.”

Da bakinsa Baba ya gaya wa Bitrus, ina tsaye. Bitrus ya goge laka a wandonsa, ya karɓi robobin, tambaya ɗaya ya yi: “Baba, da safe ne ko da yamma?”

Tun daga nan maganin yana jakar Bitrus. Kowace safiya kafin a saki ruwa sai ya miƙa masa ƙwaya, ran Lahadi kuma ya biyo ta gona kafin ya wuce coci. Gwajin da ya biyo baya, cutar ta kwanta. Mantuwar ba ta tafi duka ba, ko sunana yakan ɓace masa, sai ya ce “mai faɗan nan”.

Abin da na koya shi ne, in wanda ya daɗe yana kiyayewa ya fara tsallake magani, ku bar tambayar me ya sa ya ƙi sha. Ku tambaye shi ina yake ajiyewa, kuma wa zai iya bari ya sani.