Misis Pardoe da Ƙofar da Babu Mai Jira

Duk ranar da Glenys Pardoe take da tafiya, tun da sanyin safiya za ka gan ta a bayan tsohuwar motarta tana jera kaya: fulas na shayi, burodi da cuku, bargon ulu, tawul, da bokitin roba saboda mai tashin zuciya. Sai ta goge gilashi, ta kashe rediyo, ta tafi ɗauko wanda za ta kai. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a nan Burrangil. Shi ya sa har gobe ƙattin garin nan masu furfura Misis Pardoe suke ce mata, kuma in ta ɗaga murya sai sun gyara zama.

Aikin da ta kama bayan ta bar motar makaranta ba shi da suna, balle albashi. Tun da hukuma ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su riƙa amfani da MDMA, ƙwayar da aka fi sani a wajen 'yan maye, wajen jinyar waɗanda firgici ya bar wa tabo, mutanenmu suka fara zuwa wani asibiti a birni. Mutum zai wuni a ɗaki, masu jinya biyu na zaune kusa da shi, maganin ya sassauta masa tsoro har ya iya duban abin da ya daɗe yana gudu. Da yamma yakan fito a gajiye liƙis, zuciya ɗanya shataf. Ba a barinsa ya tuƙa mota, ba a barinsa ya kwana shi kaɗai. Don haka kafin a sa masa rana sai an tambaye shi: "Wa zai zo ya ɗauke ka?"

Tambaya ce mai sauƙi ga wanda gidansa ke cike. Amma wanda ciwon nan ya ci, yawanci ya riga ya kori kowa daga jikinsa.

Haka ta faru da Darcy Mullane, mai askin tumaki kuma ɗan kwana-kwanan sa kai. Shekarar babbar gobarar daji shi ke tuƙa motar ruwa, wansa Kel na gefensa, sun nufi gonar tsoho Merv Hanrahan. Wuta ta tsallako hanya, Kel ya daka masa tsawa ya juya, shi kuwa ya juya. Tsohon ya mutu a cikin gidansa. Gari ya yi musu tafi saboda gidajen da suka ceto, aka rataye hotonsu a mashaya, kowa ya koma harkarsa. Darcy ya daina barci. Ƙamshin gashin naman maƙwabta ma amai yake sa shi. Matarsa ta kwashe yara ta koma wajen uwarta, shi da Kel kuwa ko gaisuwa ta daina haɗa su.

Bayan an gwada magani iri-iri bai yi ba, ya samu gurbi a asibitin, aka yi masa tambayar nan. Ya aika wa Kel, Kel ya ce shi ba direban 'yan ƙwaya ba ne. Ya tuntuɓi abokan aikin kashe gobara, kowa ya ce tumaki sun sha masa kai. Sai Darcy ya yanke shawarar a ba wani gurbinsa.

A shagon burodi Glenys ta ji labari. Ko canji ba ta tsaya karɓa ba, ta same shi a rumfar aski.

"Darcy Mullane, an ce ka fasa."

"Babu mai kai ni, Misis Pardoe."

"Ni mutuwa na yi? Na kai ka makaranta da majina har baki, ka yi min amai a kujerar baya ba sau ɗaya ba. Ka shirya ranar Laraba. Kuma ka yi wanka, warin tunkiya kake yi."

To, a nan raina yake ɓaci. Garin da ya iya tafi ya kasa ba da kujerar mota ta wuni guda. Da aka ji Glenys ta kai shi, matan da ke haɗa kek na ranar kasuwa suka daina kiranta, wai ba sa son a alaƙanta teburinsu da masu shaye-shaye. Waɗannan fa gidajensu Darcy ya tare wa wuta! A mashayar da hotonsa ke rataye aka riƙa ce wa motarta tasin 'yan maye, kuma masu faɗar haka kofin giya na hannunsu tun azahar. Ba su ji kunya ba, ni na ji musu.

Ranar Larabar, da suka kamo hanyar gida, ba ta tambaye shi komai ba. Dokarta ke nan. Ta lulluɓa masa bargo, tana tafiya a hankali saboda kangaru masu faɗowa titi da yamma. Da ya fashe da kuka, tawul kawai ta miƙa masa, ta ci gaba da tuƙi.

Dab da faɗuwar rana suka iso ƙofar gonarsa, gida a rufe, ko kare babu. Ya kama murfin mota.

"Ina za ka?"

"Na gode, Misis Pardoe. Ki koma gida, zan iya."

"Cire hannunka. Tun ina jan motar makaranta ban taɓa sauke yaro a ƙofar da babu mai jiransa ba, ba kuwa a kanka zan fara ba."

Ta ce zaɓi biyu gare shi, ko ɗakin baƙinta ko gidan Kel, kuma ba za ta tilasta masa ba. Ya zaɓi gidan Kel. Ta ja mota har ƙofar gonar wan nasa, ta ɗora hannu a kan ham ta ƙi ɗagawa, yadda take yi musu suna yara in sun makara. Kel ya fito yana huci.

"Haba, Misis Pardoe! Za ki tarwatsa min garke."

"Su tarwatse. Ga ƙaninka nan na kawo. Buɗe ƙofa, ko ka faɗa masa da bakinka cewa ba za ka buɗe ba. Na gaji da jin saƙonka a bakin mutane."

Darcy ya sauke gilashi. Muryarsa a dishe ya ce, "Kel, yau na sake ganin hanyar nan, tun daga farko har ƙarshe. Babu wurin wucewa. Da ba ka ce in juya ba, da gawa uku aka binne."

Kel ya tsaya riƙe da sarƙar ƙofa. Ashe duk shekarun nan shi ma ɗauka yake tsawarsa ce ta kashe tsohon, kuma yana zaton Darcy ma laifinsa yake gani. Ya kwance sarƙar. Glenys ba ta shiga ba, ta miƙa masa bokitin ta ce ya ajiye kusa da gado, kuma kada ya dami Darcy da surutu.

Ba zan ce Darcy ya warke sarai ba. Har yanzu yana ganin mai jinyarsa, akwai kuma ranakun da ba ya fita. Amma sauran zuwansa asibitin Kel ne ya kai shi, kuma yaransa sun fara zuwa hutu. Bayansa Glenys ta kai wata tsohuwar ma'aikaciyar motar asibiti, ta kai wani tsohon soja, ta kai wasu da ba ni da izinin ambata. Da jarida ta zo, hoton likita ta ɗauka, da ƙwayar magani a tafin hannu. Babu wanda ya tambayi yadda mutanen suka isa wurin, balle yadda suka koma gida.

Glenys, ke ce mai jira in babu mai jira. Ke ce ba ki taɓa tambayar mutum me ya gani ba, sai dai ko yana jin sanyi. Mun gode, kuma ki yafe mana jinkirin godiyar.

Watan nan idonta ya gaza, ta mayar da lasin tuƙinta da kanta. Kel ya je karɓar bargo da fulas, ta riƙe su sai da ya maimaita mata doka: ba rediyo, ba tambaya, ba sauke kowa a ƙofar da babu mai jira. Sai dai Kel mutum ɗaya ne, mota ɗaya. Ku masu tafi, kowannenku yana da mota a ƙofar gida. Wani a garin nan za a yi masa tambayar nan kwanan nan, kuma yanzu haka yana zaune yana laluben sunan da zai faɗa.