Agogo a Kan Tebur

A shagon wanki da guga na bakin titi, Mai Guga ake ce mata, kuma duk layin ba wanda ya kai ta fitar da karin wando. Hannu gare ta, sai dai zuciyarta a kusa take. Yanzu tana dariya, an jima maɓalli ɗaya ya ɓalle ta zauna tana kuka kamar an aiko mata da mutuwa. Abokan aiki sai su ce, "A bi ta a hankali, yau abin ya motsa." Ba wanda ya taɓa tambayar wane abu.

Shekara goma sha ɗaya ta yi da uban 'yarta. Mutum ne mai tsari: kafin ya ɗaga mata hannu sai ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, kada gilashin ya fashe. Agogo ya samu mai tausayinsa, ita ba ta samu ba. Ta fito da ranta da 'yarta tilo, wadda ita ce duniyarta, amma jikinta bai taɓa yarda an rabu ba.

Ranar da 'yar ta kawo wanda za ta aura ya gaishe ta, famfon kicin yana ɗiga. "Mama, bari in duba miki," in ji bawan Allah. Ya naɗe hannun riga, ya kwance agogo, ya ajiye a kan tebur.

Ba ta san lokacin da kofin shayi ya bar hannunta ba. Ta dai ga jini a goshinsa, ta ji muryarta tana zagi.

Yayarta ta ce, "Haba! Shekara tara da rabuwa? Ke dai ba ki iya mantuwa ba." Dangi suka yanke hukunci: ranar biki ta zauna a gida ta huta. Uban kuwa, mai sanyin halin nan, kujerarsa na gaba.

Saura kwana biyu, 'yar ta kawo rigar bikinta guga. Ta taga Mai Guga ta hango ta tsaye a bakin shago. 'Yar ta cire agogonta ta tura ƙasan jaka, ta ja numfashi, ta gyara fuska, sannan ta tura ƙofa a hankali.

Mai Guga ta san wannan tsayuwar. Haka ita ma take yi a da, a ƙofar ɗakin uban 'yarta.