Shitu Mai Juya Marasa Lafiya

Shekara talatin Malam Shitu yana abu ɗaya. In ya gama share ƙaramin asibitin garinmu Yako da hantsi, sai ya ɗaura bokiti da tsumma a bayan keke, ya bi gidajen Yako. Duk inda ciwo ya kayar da wani, zai shiga ya goge shi, ya juya shi. Ba likita ba ne, ba kuma wanda ya sa shi.

Ni shaida ne. Da ɓarin jikin ƙanena Abdulmumini ya shanye, sai muka kwantar da shi a kan damansa yana kallon alƙibla, muka hana a motsa shi, kada ajali ya same shi ya ba gabas baya. Kwana ashirin, kwankwaso ya ɓarke da gyambo, ɗaki ya ɗau wari. Likita ya rubuta wata kalmar Turanci a kati, wai dakubitas. Na kai wa Shitu.

Ya ce, "Baba, kwanciya take nufi. Amma ba a faɗarta ga mai barci, sai ga wanda aka bari a gefe ɗaya har nama ya mutu."

Na ce, "To, so kake ka juya shi ya cika yana kallon yamma?"

"Wa ya ce? Kama mini ƙafafun."

Ya mai da kan Abdulmumini arewa, ya kwantar da shi a hagu, fuska na gabas. "Ga alƙiblarka nan, Baba, ba ta gudu ba."

Wata huɗu gyambon ya rufe. Kai ne, Shitu, hannu marar ƙyama, ka taɓa abin da mu 'yan uwa muka toshe wa hanci.

Bara ya ajiye aiki. Bana ciwon shanyewar nan ya kayar da shi, har baki ya tafi. Jiya na same shi a kan damansa, yana kallon alƙibla. Na ɗaga rigarsa, wurin ya fara ja. Na gwada juya shi ni kaɗai, na kasa, shekarata tamanin. Na leƙa majalisar ƙofar gida, ƙarti shida, wani ya ce, "Baba, ai wannan aikin asibiti ne."

Shekara talatin muna kallonsa, ba wanda ya koya.

Allah ya saka maka, Shitu. Ku kuma masu ƙarfi, ku ji kunya. Gobe da hantsi zan koma. Kafaɗa zan iya riƙewa. Mai kama ƙafafu nake nema.