Rigar Baba da Kunzugun Makka

Duk wanda ya taɓa gaida Gwaggo Tumba ta Kalgo ya san ba fuska take duba ba. Kana durƙusawa tana amsa "lahiya lau", hannunta kuwa tuni ya kai bakin rigarka, tana murza yadin da yatsu biyu kamar mai tayin akuya. In ta ji ya fara laushi sai ta ce, "Wagga in ta mutu, tawa ta." Ba roƙo take yi ba, sanarwa ce.

Ko liman bai tsira ba. Ranar da ya zo mata ta'aziyyar mijinta, ana shafa fatiha ta ɗago ido.

"Allah gafarta Malam, rawanin ga ya gaji."

"Ya gaji, Tumba. Ni ma na gaji. Tare za mu tahi."

"Rawani ba ya shiga kabari, Malam. A dai bar wasiyya."

Ku da kuka san ta kun san abin da take yi da su. Tsumman jarirai ne. Tana da wani ƙaton adudu a ƙuryar ɗaki, cike da tsofaffin zannuwa da riguna da ta yayyanka. Duk inda aka haihu a danginmu, daga Kalgo har Dangoma har Dalijan, kafin mai jego ta sha kunun kanwa na farko Gwaggo ta iso da ƙunshinta a ka. In an yaye yaro ta dawo ta karɓi kayanta, ta wanke da ruwan toka, ta mayar. Kowane ƙyalle ta san tarihinsa. Akwai wani dattijo mai gemu da ya taɓa ɗaga mata murya a gidan biki, ta ce, "Kai yi a hankali, shuɗin zanen da ka ɓata yana nan, in kana so in ɗauko a gani." Bai ƙara tari ba.

Ni ɗan ƙanenta ne, kuma ni na auri Kulu, yarinyar da ta riƙa tun tana ƙarama. Ga ta gwaggo, ga ta suruka, babu ta inda zan ɓulle. Ɗan Boko take kirana, don na yi shekara biyu a elemantare, na fito da A da B da tabon bulala. Sana'ata gyaran keke a bakin kasuwar Gwandu. Abin da na gada wurin mahaifina kuwa, bayan dogon wuya, riga ce guda ɗaya: babbar riga ta saƙi, ta sha wanki har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ita nake sawa Juma'a, ita ce ta suna, ita ce ta ɗaurin aure. A cikinta har Alhaji an taɓa kirana, ban kuwa gyara wa mutumin ba.

To, 'yan shekaru bayan an koma kashe naira, wata damina gara ta shiga adudun Gwaggo ta ƙasa, ta cinye shi tas. Wallahi har jaje aka riƙa zuwa. Ta zauna a tabarma da tagumi, mata na shigowa suna "Allah shi mayar da alheri", tana lissafa mamatan ɗaya bayan ɗaya: zanen Inna, rawanin Kawu, wandon wane. Bazara na shigowa Kulu ta haihu a ɗakin Gwaggo, ɗan fari, namiji, aka sa masa sunan mahaifina. Tun kafin suna saƙon Gwaggo ya same ni a Gwandu: in aiko da rigar.

Na aika cewa ban ji ba. Ta aiko cewa ta ji ban ji ba, in aiko da rigar.

Ana haka Allah ya kawo mini mafita, ko abin da na ɗauka mafita ce. Wani Alhaji da nake gyara wa keken 'ya'yansa ya miƙo mini ragowar tsarabar Makka a leda, kwalin ya yage a hanya. Wasu abubuwa ne farare, ciki auduga, baya leda, guda ashirin da huɗu.

"Alhaji, mi ne wannan?"

"Ni ma ban sani ba, Sahabi. Na ga Larabawa na rububi, na saya."

Na juya, na shinshina, ilimin elemantare ya motsa. Na ce lallai matashin sirdin keke ne. Na ɗaura ɗaya a sirdina, na yi mako guda ina yawo a gari ina yaba hikimar Larabawa, har na ba wani abokina ɗaya. Sai ranar da wata malamar asibiti ta kawo kekenta faci. Ta dubi sirdina, ta dube ni, ta zauna a kan benci tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta iya gaya mini cewa kunzugun jarirai ne, abin nan da matan yanzu ke ce wa famfas. A ɗaura wa yaro, in ya ɓata a jefar, babu wanki babu shanya.

Kunya ta kama ni, amma murna ta fi ta. Na ce riga ta tsira!

Washegarin suna na shiga motar kasuwa, na sauka Birnin Kebbi na sake wata, sai Kalgo. Kun san al'adarmu kan ɗan fari: uba ba ya ɗaukarsa, ba ya faɗin sunansa, in an yi zancensa sai ya duba sama kamar mai neman hadari. Ni kuwa ga ni da ledar kunzugu a hammata. Matan gidan suka riƙa leƙowa suna rufe baki.

Gwaggo ta same ni a zaure. Ta ɗauki ɗaya, ta murza.

"Wane masaƙi ya saƙa wanga?"

"Ba saƙa ba ce, Gwaggo, inji ne. Daga Makka."

Da ta ji Makka ta ɗan sassauta, har ta shafa a goshi.

"To, in yaro ya ɓata shi fa?"

"A jefar."

"A mi?"

"A jefar, Gwaggo. A ɗauko wani."

Ta dafe ƙirji ta yi salati mai tsawo. "Ɗan Boko, abin da anka koya maka ke nan? Mutum shi ɗauki abu fari tas, daga ƙasa mai tsarki, shi kai juji da hannunshi? In wancan ya ƙare fa?"

"Sai... sai a jira wani ya tafi Makka."

"Yaron shi riƙe cikinshi har baɗi ke nan."

Na dai dage. Na ce zamani ya canja, na ce malamar asibiti ta ce, na ce tsumma na mutanen da ne. Ta bar ni na gama haki.

"Ji nan. Mai rigar ga ƙanena ne tun bai zama ubanka ba. Ga shi kuwa ya dawo, yana kwance ciki tsirara. Amma ba ni ƙwace. In kayan Makkanka sunka kai mu arba'in, ka ci riga. In sunka ƙare, ka tuɓe."

Na yarda, don ban iya lissafi ba. Guda ashirin da biyu suka rage, kwana talatin da biyu a gaba, yaron kuwa ba ya wasa da ciki. Da a hannun mai hankali suke, kwana biyar an gama da ni. Abin da ya cece ni halin Gwaggo ne.

Ranar farko Kulu ta naɗe ɗaya ta nufi juji. Gwaggo ta biyo ta da gudu, zane a hannu.

"Ke! Ina za ki da shi?"

"Cewa aka yi a jefar, Inna."

"Wanda ya ce a jefar, shi zo shi jefar. Kawo nan!"

Ta tsoma a kwano, ta sa sabulu, ta cuɗa. Audugar ta narke ta zama kunu. Ta tsaya da fatar leda a hannu tana kallon ruwan.

"La ilaha illallahu. Tufa mai narkewa awa gishiri!"

Kuna tsammani ta haƙura? Ta ɗauko rariya ta tace, ta shanya a faifai. Da ya bushe ta kawo mazari za ta kaɗa zare, abu ya ƙi haɗuwa. Ta murza ta yi lagwanin fitila, ya cika ɗaki da hayaƙi har mai jego ta fito tana tari. A ƙarshe ta tsaya a kan ledar. Ta wanke ta, ta cusa mata audugar rimi, ta ɗinke baki da allura, ta mayar wa yaro. Kunzugun da Larabawa suka yi don wuni ɗaya, a hannun Gwaggo sai da ya ga sati biyu.

Wata maƙwabciyarta ta ce, "Tumba, ke fa kike son su ƙare. Kina taya abokin gaba yaƙi."

"Na sani! Kina ce ban sani ba? Kullum sai na ce yau zan jefar, hannun ya ƙiya."

Labari na iso mini Gwandu ina ta fara'a. Da yaro ya kwana talatin da biyar na ce bari in je in taka rawar nasara. Na saka rigar, na karya hula, na shiga mota cikin zafin bazarar nan da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Tun daga ƙofar gida na ji kukan. Ba kukan yunwa ba ne, wani siriri ne, na wanda ya gaji da kuka amma bai iya dainawa. Na zauna a zaure na duba sama, yadda al'ada ta ce. Ban daɗe ba Gwaggo ta fito da shi a hannu, babu komai a jikinsa. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ɗora mini shi a cinya.

"Gwaggo, mutane na gani..."

"Su gani. Kai ma duba."

Na duba. Cinyoyinsa da duk inda leda ta kwanta sun yi ja kamar an zuba barkono, wani wurin har ya saɓule. Zafi da gumi da leda sun dafa yaro.

"Kwana biyu bai runtsa ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Na cire mishi tun jiya. Duk zanen da munka shimfiɗa, sabo ne, yana kartar shi. Laihina ne, ni da hannuna da ba ya jefarwa. Saura kwana biyar ka ci, Ɗan Boko. Ban ce ka ba ni komi ba."

Ban taɓa jin Gwaggo ta ce laifinta ne ba, ko kafin ranar ko bayanta. Sai na lura zauren ya yi tsit. Yaron ya lafe a cikin rigar, ya ja ajiyar zuciya sau biyu, ya damƙi bakin aljihu da ɗan hannunsa, ya yi barci.

Muka zauna. Ƙafata ta mutu, gumi na bin bayana, ban motsa ba. Aka kira la'asar. Na yunƙura kaɗan, ya ɓata fuska, na koma. Can na ce, a hankali, "Gwaggo, kira Kulu."

Su biyu suka tallafe shi da rigar gaba ɗaya, ni kuwa na sunkuya na zare kaina ta wuya kamar maciji na saɓa. Na tsaya a tsakar zaure daga ni sai wando da hula da singileti mai ƙofofi uku.

Na ce, "Sai a aika a aro almakashi."

Ta ɗaga gefen tabarmar da nake zaune a kai tun ɗazu. Ga shi nan a kwance.

"Tun ran suna yake nan," in ji ta.

Sai da yaro ya farka ta yanka. Kafin ta sa almakashi ta ɗauki rigar ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe.

"Ni na kaɗa zaren ga," ta ce, "shekarar da ubanka zai yi aure. Wata huɗu ina yi."

Na juya ina karanta bangon zaure, ni da ban iya karatu ba.

A motar komawa kowa na satar kallona. Wani tsoho ya kasa daurewa.

"Bawan Allah, ɓarayi ne?"

"Ɓarawo ɗaya ne, Baba."

"Subhanallahi! Ƙato ne?"

"Kwanansa talatin da biyar a duniya."

Da man kaɗe da shan iska da tsumman rigar nan, kafin arba'in fatar yaro ta koma sumul. Ni kuma na yi shekara ina zuwa Juma'a da 'yar shara, babu wanda ya sake kuskuren kirana Alhaji. Ƙannensa shida duk a cikin rigar suka yi jarirantaka. Yau jikokina famfas ake sa musu, a jefar a ɗauko wani, ba na cewa komai. Ni da na hau shi mako guda, wane baki gare ni?

Gwaggo ta rasu ba ta haifi ko ɗaya ba, amma ranar jana'izarta layin maza ya kai bakin hanya, kuma da wuya ka nuna wanda ba ta wanke wa kashi ba. Allah ya jiƙan Tumba. Yadda ta nema wa 'ya'yan mutane wuri mai laushi su kwanta, Allah ya sa nata makwancin ya fi shi laushi. Amin.