Cokali a Akwatin Alli

Ƙaurin jar dawa ta taimako, wadda ta kama gindin tukunya, shi ke riga kowa shigowa aji kafin a buga ƙarfen tashi. Shekarar da ruwa ya ƙi ce, sojoji na mulki, ni kuwa sabuwar malama a ajin ƙanana na wata lakkwal, wato makarantar boko, a bayan garin Tasawa. Na fito daga makarantar malamai da littafin waƙoƙina da wata kalma da nake ƙauna, egalite, wato daidaito. Na rubuta ta a saman allo, har na zana mata furanni.

Kwamandan yankinmu ya aiko da takarda a karɓi 'ya'yan makiyayan da fari ya koro daga arewa, a ciyar da kowa daidai. Dirakta, shugaban makarantar, ya karanta mana ita a tsaye, ƙafa haɗe. Na ji daɗi ƙwarai. Ga soja ya yarda da waƙata.

Cikin sababbin akwai wata yarinya daga wajen Issawane, ba ta wuce shekara shida ba, wuya kamar sillen kara. Ranar farko da aka raba dambu kowa ya sa hannu, ita kuwa ta zaro cokalin icce daga cikin riga, baƙi, mai zane a ƙota. Aji ya kwashe da dariya.

"Madam, dubi 'yar sarki! Hannunta ya fi ƙarfin dambu!"

Na ga abin da za a riƙa tsokanarta da shi ke nan. Na durƙusa, na yi mata murya mai taushi, na ce a nan duk ɗaya muke. Na karɓi cokalin na sa a akwatin alli, na kulle. Har na shafa kanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya, kwanon na gabanta har ya huce. Washegari ma haka.

Tsohuwar da ke yi mana dahuwa ta tare ni bakin murhu. "Ɗiyata, ba ta abinta. Mutanen nan ba su sa hannu a abinci."

"Iya, za ta saba. In na bar mata, na bambanta ta da sauran."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai kwanon da na cika shi nake ɗauka cike."

Kowace rana nakan auna mata ludayi biyu, kamar kowa, ba ragi ba ƙari. Dirakta ya leƙo ya ga kwanoni jere, ya yaba mini tsari. Rana ta huɗu ta kifa kai bisa tebur lokacin waƙa, na ɗauka waƙar ce ta ratsa ta.

Rana ta biyar wata tsohuwa mai baƙin lulluɓi ta tsaya a ƙofar aji. Ta gaishe ni da Hausa sama-sama, ta miƙo hannu. Na buɗe akwatin na ba ta cokalin. Ta goge allin da ke jikinsa da bakin zane, ta kama hannun yarinyar suka fita. Ba su dawo ba. Ajina ya koma daidai, kowa da hannu.

Bayan shekaru masu yawa, ranar kasuwar Kanan-Bakaché, wata mai sayar da cuku ta kira ni madam. Yarinyar nan ce mai cokali, da goyo a baya. Muka gaisa, na yi ta kame-kame, ita tana dariya. A nan ta gaya mini cewa a shekarar nan, bayan dabbobi sun mutu an sayar da komai, cokalin nan kaɗai ya rage musu. Kakarta, tsohuwar nan mai baƙin lulluɓi, kan ba ta shi da safe, ta jira ta dawo da shi kafin ita ma ta ci.