Mai Ƙirga a Bakin Ƙofa

Tun da majalisar gari ta fara gyaran kasafin ɗakunan karatu, wani dogon mutum yake tsaye a ƙofar namu, kwat ɗinsa jiƙe sharkaf. Yana riƙe da ɗan ƙarfen ƙirga. In ya danna sai ka ji ƙas. Ba ya haɗa ido da tsofaffi, wataƙila uwarsa ma a irin nan take wuni.

Morag, mai kula da littattafai, ta ce, "Yallaɓai, danna min biyu, ka ga ƙibata."

Bai yi murmushi ba. "Masu aron littafi kawai aka ce."

Ni ɗumin hita ke kawo ni kullum. Na wuce shi, ya dubi hannuna. Ban ji ƙas ba.