Ruwan Bakin Mai Daddawa

Yayana mutum ne da ko tunkiya ta gifta sai ya kau da kai ya yi a'uziyya. A Kiru, shekarun da aka fara raɗe-raɗin Turawa za su tafi, shi ake nuna wa samari a ce ga mai kamun kai. Ni da na yi zaman zawarci a gidansa na san irin kamun kan. Mtsw!

Akwai wata bazawara mai daddawa da ke shigo mana talla duk ranar kasuwa. Yana jin sallamarta zai fito tsakar gida da buta, wai alwala zai yi, da hantsi tsaka. Bai taɓa ce mata ko sannu ba.

Da kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, ya dinga kiran sunanta yana cewa ta danne masa ƙirji, ta hana shi numfashi. Dattawa suka ce shi ke nan, mayya ce, ta kama masa kurwa. Ni da ke jinyarsa na ji sauran abin da yake faɗi, wanda ba ya maimaituwa gaban manya. Na ja bakina na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Aka jawo ta gidanmu da rana. Maganin maita a wurinmu shi ne mayya ta kuskure baki a ba marar lafiya ruwan ya sha, sannan ta tsallake shi sau uku. Tana kuka tana ce wa kawunmu, "Baba, ku ji tsoron Allah, wa zai ƙara cin daddawata?" Ya daka mata tsawa. Ta tattare zane ta tsallaka.

Mutumin da kwana huɗu bai buɗe ido ba, wallahi idonsa tar a kanta. Ruwan kuwa ya shanye har da lashe ƙoƙo. Maza suka yi ta kabbara, wai kurwa ta dawo.

Daga ranar babu gidan da ya sake amsa sallamarta. Kafin a gama yankan dawa ta kwashi 'ya'yanta biyu ta bar garin.

Mako guda da tafiyarta ina ba shi kunu, ya rage murya ya ce, "Ke, jikin nan fa bai gama sakina ba. Ko za a nemo ta ta ƙara tsallakawa?"